Bugun Diga a Ƙarƙashin Masallaci

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne masanin abin da ke bisa ƙasa da abin da ke cikinta.

A shekarun da ya rage kaɗan Turawa su miƙa mulki, ni ne limamin wani ƙaramin masallaci a gefen Riruwai. Mahaifina ne ya gina shi, ya kuma haƙa rijiya a ƙofarsa domin masu alwala. A lokacin haƙar kuza ta cika garin da baƙi. Wasunsu a rafi suke wanke ƙasa, wasu kuwa loto suke yi, wato su haƙa rami kamar rijiya, idan suka tarar da kuza sai su bi ta a kwance ta ƙarƙashin ƙasa duk inda ta nufa. Shugaban masu loton da ke kusa da mu, wanda ake kira heluma, mutum ne mai fara'a da sakin hannu, kuma a sahun gaba yake salla.

Ruwan rijiya ne ya fara sauyawa. Ya yi fari-fari kamar an kaɗa toka a ciki. Jama'a suka tambaye ni ko alwala da shi ta inganta. Na ba su amsar da muka karanta a gaban malamanmu, cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya shi yana nan da tsarkinsa. Suka yi hamdala suka watse. Hukuncin daidai ne, amma su sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Babu wanda ya tambayi dalilin da rijiyar da na sani tun ina yaro za ta sauya mazauni alhali tana wurinta.

Sai ƙofar masallaci ta fara cijewa. Ladaninmu, dattijo ne abokin mahaifina, ya ɗauko gizago ya sassaƙe gindinta yana cewa ita ma tsufa ya kama ta kamar gwiwoyinsa. Bayan wannan carbina ya tsinke ina zaune bayan azahar, na ga 'ya'yansa duka sun gangara kusurwa ɗaya ta gabas. Ni kuwa na san daɓen nan, a gabana aka yi shi, ba shi da gangare.

Ba a daɗe ba tsaga ta bayyana a bangon gabas, siririya, daga ƙasa zuwa sama. A al'adarmu sai bayan kaka ake yaɓen masallaci, a yi gayya, mata su dafa abinci. Amma tun kafin in yi wa kowa maganar tsagar, sai ga heluma da mutanensa sun kwaɓa ƙasa sun shafe ta. A wurinmu kuwa wanda ya yi wa ɗakin Allah hidima ba a tambayarsa dalili, addu'a kawai ake yi masa. Na yi masa addu'ar, sa'an nan na ce, "Heluma, ina lotonku ya nufa yanzu?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, kudu muka yi, can bayan rafi. Mu da muke neman albarkarku, ina mu ina shiga ƙarƙashinku?"

Ban ce masa ƙarƙashinmu ba. Shi ya faɗa.

Na koma gida zuciyata ba daɗi, domin addini ya hana mu bin zato a kan Musulmi, ga shi kuma na kasa kore shi. Na yi istigfari, na ce watakila Shaiɗan ne yake son ya raba ni da mutumin kirki. Amma a wata la'asar, ina sujada, na ji bugu a goshina. Ba da kunne na fara jinsa ba, ta ƙashin goshi ya shigo, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, irin bugun diga. Da muka sallame na tambayi jama'a ko wani ya ji. Ladan ya ce, "Malam, ai matan unguwa ne ke daka. Ko kuwa yunwa ce ta sa ka fara jin turmi a salla?" Aka yi dariya. Heluma ma ya yi.

Washegari ya sanar cewa daga yau duk aka kira salla ma'aikatansa za su ajiye diga har a idar, saboda girmama lokaci. Garin ya ɗauka da yabonsa. Mai unguwa har cewa ya yi da ma sauran masu haƙa za su yi koyi da shi. Ni kuwa a nan zatona ya yi nauyi, domin tun daga ranar ba a sake jin bugun a lokacin da masallaci ke da mutane ba. Sai na riƙa zuwa sallar walaha ni kaɗai da hantsi. Duk na sa goshi a ƙasa yana nan, ya ma fi kusa.

Na sami mai unguwa na ce masa, "Ranka ya daɗe, ina tsoron ƙasan masallacin nan kogo ne." Ya ce in kawo shaida. Ba ni da ita. Ba a barin wanda ba ma'aikaci ba ya shiga loto, ma'aikatan kuma abincinsu a hannun heluma yake. Na kai mai unguwa masallacin ya sa goshi da kansa, aka yi rashin sa'a ko aka yi sa'a, ranar ba a aiki.

Da damina ta kankama ƙofar ta sake cijewa, wannan karon ta ƙi buɗuwa sam. Ladan ya zo da gizagonsa. Na riƙe hannunsa na ce, "Baba Ladan, kada ka taɓa ta. Ba zan ja mutane salla a cikin ɗakin nan ba."

Ya ce, "To a ina, ɗan nan? A kan kaina?"

Na nuna masa wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, da ke bayan unguwa inda mata ke shanya. Can muka koma, wani lokaci cikin yayyafi. An yi gunaguni sosai. Wasu suka ce karatu ya taɓa ni, wasu suka ce hassadar heluma nake yi, wasu suka koma wani masallaci. Heluma ya zo har gida ya ce a ba shi dama ya sa sabuwar ƙofa, kyauta. Na yi masa godiya, na ce a dakata. Abin da ya fi damuna shi ne, idan ban yi daidai ba, na rufe masallacin mahaifina kuma na ɓata sunan Musulmi a kan zato.

Wata rana bayan ruwa mai yawa, muna kan dutsen muna shirin azahar, muka ji wata ƙara mai nauyi. Muka sheƙa. Bangon gabas ya nutse har rabinsa, rufin ya zauna daidai inda sahun gaba ke tsayawa. Rijiya ta zuƙe, babu ko ɗigo. Hanyar da motocin kuza ke bi zuwa Tudun Wada ta dare a gefe. Ladan ya tsaya yana kallon gizagon da bai yi aiki da shi ba.

Heluma ya ce ruwan sama ne da tsufan gini. Ramin da bangon ya nutse a ciki ya cike da laka, babu wanda ya ga abin da ke ƙarƙashi, kuma har ya bar garin bai taɓa amsa cewa lotonsa ya zo nan ba. Da muka tashi gina sabo a gefen dutsen, shi ya kawo azara. Na karɓa, domin ba ni da hujjar ƙi. Amma sai da na bi kowace ɗaya na ƙwanƙwasa kafin a ɗora.

Har yau, idan na shiga masallacin da ban sani ba, nakan ɗan jinkirta a sujadar farko ina saurare.