Wanzamin Karnuka Ya Ajiye Almakashi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk unguwa ta sani da Wanzami. Zuciya ce ta buga masa a shagonsa, yana tsaye gaban teburin aiki. Matarsa ta bugo mini waya, sai da ta maimaita kafin maganar ta shiga kunnena.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Yaya. In zauna a falo, in tashi in leƙa taga, in ɗora ruwan zafi in manta da shi har ya ƙone. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko hannuna zai samu abin riƙewa.

Sunan Wanzami tsokanar dangi ce. Da ka bar aikin asibitin dabbobi ka buɗe shagon gyaran karnuka, musamman masu nannaɗaɗɗen gashin nan da ake kira fudul, Kawu ya ce zuri'armu ta samu wanzami, sai dai masu zuwa askin ƙafa huɗu gare su. Aka yi dariya har da kai, ka kuma sa aka rubuta sunan a allon shago. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya daɗe bai taka ƙofar shagon ba, kai kuma ba ka taɓa ja da shi ba. Kakan yi wanka ka sauya riga kafin ka je gaishe shi.

A wurinka na san gashin fudul ba ya zuba kamar na sauran karnuka. Tsawo yake ta yi, in ba a taje ba ya dunƙule ya cije fata. Ka wanke su, ka busar, ka taje, ka rage gashin, ka yanke farce, ka duba kunne da haƙora. In yatsunka suka ji ƙullutu a ƙarƙashin fata, ba ka barin mai karen ya fita sai ya yi alkawarin zuwa wurin likita.

Wata rana aka kawo maka wata farar karya a naɗe cikin bargo, an ɗaure mata baki. Ta ciji mai ita, ya ce daga nan asibiti zai wuce a yi mata allurar mutuwa. Ka roƙe shi ya bar maka ita. Ka daɗe ba ka taɓa ta ba, sai dai ka zauna a ƙasa ka ba ta baya, har ta matso don kanta. Da ka yanke dunƙulallen gashin kunnenta, ka tarar da ruwan ciwo a ciki. Ka ce mini ba mugunta ke sa ta cizo ba, azaba ce. Ka yi jinyarta, ka sa mata suna Auduga, ka koya mata zama da jira da amsa kira. Ba ka taɓa dukanta ba, ɗan guntun nama ne ladanta.

A lokacin ne farfaɗiyata ta dawo, bayan rasuwar mijina. Ina zaune ni kaɗai, na faɗi kusa da murhu na ƙone a hannu. Tsoro ya hana ni fita ko bakin titi. Ashe kai kana can kana koya wa Auduga aikin kula da ni. Masu zuwa shago sun ba ni labarin yadda kake zubewa ƙasa kana karkarwa, ƙaton mutum da furfura, har wata mata ta ruga neman taimako. Haka ka yi ta yi har Auduga ta iya. In na faɗi sai ta danna wani maɓalli da hancinta, wanda ke kiran wayarka, sannan ta kwanta a gefena.

Da ka kawo mini ita na ce ba a ɗakina ba. Ka ce, "Ƙanwata, ni ba zan iya tsaron ƙofarki kullum ba. Ita za ta iya."

Na karɓa ina ƙunƙuni. Da ita na koma zuwa kasuwa. Ranar da Baba ya gan ni na zo gidansa da ƙafata, washegarinta aka gan shi zaune a bencin shagonka.

Yanzu Auduga ma ta rasa sukuni. Ta je ƙofa ta dawo, ta ƙi abinci, gashinta ya fara cuɗewa. Shekaranjiya da rana ciwon ya kayar da ni a kicin. Auduga ta danna maɓallin kamar yadda ka koya mata. Da na farfaɗo, kaina na kan cinyar matarka, wayarka na hannunta. Baƙi cike da falo ta baro ta taho.

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Layin nan ba za a rufe shi ba. Ni zan riƙa ɗauka."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya tausaya maka fiye da yadda ka tausaya wa halittunSa marasa baki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya binne ɗansa da tsufansa, da matarka, da 'ya'yanka, da duk wanda ya taɓa shiga shagon nan da dabbarsa cikin damuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.