Maganin Rawar Hannun Gola

Shekara goma sha bakwai Gola ya yi yana tsaron raga, kuma bai taɓa shiga fili bai yi amai ba. Yakan shige banɗakin 'yan wasa, ya buɗe famfo don kada a ji, ya fito yana goge baki, hannuwansa na ɓari kamar na mai zazzaɓi. Tsoro ne zalla.

Tun yana sabon shiga ya gano maganin. Wani ɗan baya ya taka masa safar hannu, Gola ya balbale shi da masifa, sai ya ga hannuwan sun tsaya cak. "Haka nake so, kada ka huce," in ji koci. 'Yan kallo suka yi ta tafi, wai sun samu jarumi. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin takaicin, rawar ba ta jiran a je fili. Tun da safe take farawa, kuma mutum biyu ne kawai a gidan, matarsa da 'yarsu. Cokali ya faɗi, laifi. Shayi ya huce, laifi. A yi masa adalci, bai taɓa dukan yarinyar ba, amma sau uku kafinta yana gyara ƙofar ɗaki. Kafin ta iya lissafa kwanakin mako ta san Asabar, ranar wasa, ranar ɓuya a bayan kujera. Da yamma yakan dawo da alewa cike da nadama, ita kuwa ba ta ɗauka sai ya fita.

Gwiwa ce ta yi masa ritaya. Yanzu facin ƙwallo yake yi a wani shagon kayan wasanni, kuma ba ya roƙon Allah komai kamar yarinyar nan ta zauna kusa da shi ko sau ɗaya. Shekararta goma sha ɗaya, bakinta ba ya shiru da kowa sai shi.

Wata Asabar da hantsi ya kira ta. Ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwon, ya buɗe hannuwa.

"Zo mana, uwata. Ai na bar ƙwallo."

Tsoron kada ta ƙi ya kama shi, sai hannuwan suka fara halinsu. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon su.

"Baba, hannunka na rawa," ta ce a hankali. "Ka yi mini faɗan kawai ya tsaya, sai in tafi."