Jan Zaren Yaya Isiyaku

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Isiyaku, amma sai bana na san abin da na aikata a garejinsa na garin McLeansville, nan ƙasar Turawa.

Gidanmu gidan maƙera ne, sai dai shi kaɗai ya riƙe sana'ar, ni tasi nake ja. Turawa masu tara tsofaffin fistol, wato ƙananan bindigogin hannu, kan kawo masa waɗanda cikin bututunsu ya cinye. Gyaran iri biyu ne. Ko a cire bututun a sa sabo, bindiga ta samu lafiya, amma tambarin maƙerinta ya tafi, darajarta ta zube. Ko kuwa a rarake cikin tsohon, a zura wani siririn bututu a liƙe. Wannan shi yake kira shafi, kamar na riga, kuma shi ya fi so. Nakan tsokane shi cewa ya fi tausayin bindiga a kan ƙanensa.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya. Bayan sadakar bakwai na shiga garejin don in mayar wa mutane kayansu. Uku daga cikin bindigogin an ɗaura musu jan zare. Na ce kar Turawa su ɗauka tsafi muke yi. Na tsinke zaren, na goge su tas, na miƙa wa masu su, har ina ganin na kyauta.

Da azumin bana muna shan ruwa, hira ta kawo mu kan aikinsa, na ba matarsa Anti Hadiza labarin zaren ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Bashir, ai in ka ga ja, bai gama ba," ta ce. "Ya rarake, bai sa shafi ba. Cewa yake in aka harba, a hannu za ta fashe."

Washegari na shiga neman masu bindigogin nan uku.

Biyu na gano su, suna cikin kabad na gilashi, ba a harba su ba tun da na mayar, na kuma gargaɗi masu su. Mai ta ukun ya mutu, 'ya'yansa sun sayar da ita a kasuwar bajekolin bindigogi, ba su ko tambayi sunan mai saye ba.

A zamanin Yaya, kallo ake yi wa irin waɗannan bindigogi. Yanzu fasinjojin da nake ɗauka a titin Gate City Boulevard ba su da zance sai na tsoro, kowa na cewa ya ciro ta kakansa daga durowa. Da Yaya yana raye ba zai zage ni ba. Takalmi zai sa ya bi gida gida, kuma wannan ya fi min zagi ciwo.

Allah Ya jiƙansa. Duk aikin da ya gama yana nan ƙalau, wanda bai gama ba ne ke hana ni sakat. Ita bindigar ta ukun, mariƙinta na katako ne, da tsaga a gefen hagu. Wanda ya ganta ya haska tocila cikin bututun. In ya ga santsi babu zane, kar ya sa mata harsashi. Ina faɗa da Hausa, na kuma san da wuya mai ita ya ji Hausa.