Marin da Na Sha a Mararrabar Poli

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Roumdé Adjia a Garwa, ni da ƙanwata, a daidai lokacin da mahauta ke wucewa a kan babura zuwa mayanka. Poli muka nufa, gaisuwar rasuwar wani aminin mahaifinmu, ɗan kasuwa da ya zauna can tun muna yara. Motar da aka ce za ta tashi ƙarfe shida ba ta motsa ba sai bakwai da kwata. Na duba agogo na rubuta, domin shekara ashirin da takwas na yi ina magatakardan kotu a Garwa, kuma ritaya ba ta raba ni da biro ba.

Mun haye gadar Binuwai kogi ya cika ya batse, masunta na lallaɓawa da kwale-kwale a gefen ciyawa. Daga nan sai gonakin masara da auduga, kore shar har iyakar gani. Kujerar mutum uku mu huɗu aka cusa a kai. Direbanmu ya san kowane rami da ke kan titin, kuma bai wuce ko ɗaya ba sai da ya shiga ya gaishe shi. A Ngong muka sayi dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara ta taga. Ƙanwata ta yi ta mita cewa ƙullin gyaɗar ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in faɗi wani abu game da kaina. Tun ina ƙarami, da zarar wani ya ɗaga hannu zai doki wani a gabana, jikina yakan sandare. Ba gudu nake yi ba, domin mai gudu ma ƙafarsa na aiki. Harshena yakan yi nauyi, in tsaya ina kallo kamar an dasa ni. Na rubuta shaidar duka da rauni ba iyaka a kotu, amma ban taɓa raba ko faɗan yara ba.

Wajen ƙarfe goma aka sauke mu a mararrabar da hanyar Poli ta rabu da kwalta, wadda kowa ke kira karfur. Motar Poli ba ta cika ba, sai muka yanke shawarar hawa babur. 'Yan moto na wurin, wato masu haya da babur, suna da ƙa'idar da ban sani ba: duk babur ɗin da kayanka suka fara taɓawa, mai shi ne direbanka, magana ta ƙare. Ni kuwa na ɗora jakata a kan wani babur da ke inuwa, don kawai in gyara takalmina. Da na gama, na ɗauke ta na nufi wani magidanci mai furfura a gemu, wanda na ga alamar natsuwa a tare da shi. Bai ga inda jakar ta fara sauka ba. Ya karɓa ya ɗaure da roba, ya kira wani ya ɗauki ƙanwata.

Sai ga mai babur ɗin farko, ƙato mai baƙar riga, ya taho daga rumfar mai shayi. Bai tambayi kowa komai ba. Ya shaƙe wuyan rigar magidancin, ya kira shi ɓarawon fasinja da Fillanci, ya kai masa naushi a baki. Taku biyu ne tsakanina da su. Kalma huɗu za ta wadatar: ni na yi kuskuren. Ban iya furta ta ba. Ƙanwata ce ta yi ta ihu har mutane suka janye ƙaton, yana rantsuwa cewa ranar da magidancin ya sake taka karfur, sai ya ƙwace makullinsa ya karya masa hannu.

Haka mutumin ya tuƙa ni har Poli, leɓensa na jini, yana kauce wa taɓo da kwazazzabai cikin ƙwarewa. Duwatsun yankin suna da kyau ƙwarai a damina, gajimare na zaune a kansu, amma ƙeyarsa kawai nake kallo. Da muka sauka ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe har yanzu?" 

Poli gari ne mai sanyin hali. Mun yi gaisuwa, mun zauna a kan tabarmi tare da 'yan uwan mamacin, Hausawa da Fulani da Dowayo, ana ta sauya harshe ba wanda ya lura. An kawo tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, da wata zuma baƙa mai ƙamshin hayaƙi wadda ban taɓa shan irinta a Garwa ba. Ana yi mini kirari da “Malam na kotu”, ana ba ni wuri a gaba, ni kuwa na san abin da na aikata a hanya.

A rana ta uku na shiga kasuwa, sai na tarar da magidancin zaune a kan babur ɗinsa a gindin wata bishiya, leɓen ya kumbura. Na tambaye shi me yake yi a nan. Ya ce tun ranar bai koma ba. A masallaci yake kwana, 'yan moto na Poli kuma ba sa ba shi layin ɗaukar fasinja. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna karfur.

"To laifin wa?" na tambaye shi.

"Baba, ai ya wuce," in ji shi.

"Bai wuce ba. Laifina ne. Gobe da safe kai za ka mayar da ni."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, kar ka ji haushi, amma ranar nan na ga tsayuwarka."

Ban ji haushi ba. Shaida ce ta gaskiya, kuma na saba girmama irinta.

Ƙanwata ta zauna sai an yi sadakar bakwai. Ni da magidancin muka kamo hanya da hantsi, an yi ruwa da safe, sau biyu muna sauka muna tura babur. Tun daga nesa na hango baƙar rigar. Muna tsayawa ƙaton ya zare makullin ya jefa aljihu, ya kama hannun magidancin ya murɗe shi ta baya.

Abin ya zo mini kamar kullum. Kunnuwana suka toshe. Na umarci ƙafata ta matsa, ta ƙi. Sai idona ya faɗa kan agogona, bakina kuma ya kama aikin da ya sani ba tare da ya nemi izinina ba. Na ji muryata, muryar da nake karanta bayanin zaman kotu da ita, tana fita da ƙarfi da Faransanci:

"Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti biyar, a karfur na Poli. Mutum ɗaya mai baƙar riga ya ƙwace makulli. Ya murɗe hannun dama na wani magidanci."

Na maimaita da Fillanci domin masu tuyar ƙosai su ji. A kan kalma ta ƙarshe na lura ƙafata ta ɗaga. Taku ɗaya, taku biyu, sai ga ni a tsakaninsu, ƙirjina na gogar na ƙaton.

"Tsoho, kai jandarma ne?" in ji shi. "Matsa, ko in haɗa da kai!"

"Ya yi barazana ga mutum na biyu," na ce.

Ya mare ni. Hulata ta faɗa cikin taɓo, na ga wuta a idona. Shekara sittin ina tsoron wannan abu, ashe iyakarsa ke nan: zafi a kunci da ƙara a kunne. Ban faɗi ba.

"Ya mari dattijo a kuncin hagu," na ce, "a gaban shaidu."

Wata mai ƙosai ta ajiye matsaminta ta ce, "Ni ce ta farko, rubuta ni!" Wurin ya kaure. Shugaban layin masu baburan, wanda ranar farko ba ya nan, ya ratso taron ya sa aka saki hannun. Na ba da bayanina a tsaye, daga gyaran takalmi har zuwa shiruna, ban rage wa kaina komai ba. Ya yanke cewa magidancin zai bar wa ƙaton fasinja ɗaya, tunda ƙa'ida ƙa'ida ce. Ƙaton kuma zai ajiye babur kwana uku saboda ya ɗaga wa sa'an ubansa hannu. Aka fito da makullin. Magidancin ya karɓa, ya ce mini “useko, Baba”, wato na gode, ya tura babur ɗinsa ya nufi gida.

Na iso Garwa bayan la'asar, kunci a kumbure. Maƙwabta suka taru, kowa da fatawarsa: mutum mai shekaruna ba ya shiga rigimar tasha, da wuƙa ce fa, nan gaba in ɗauki shatar mota in wuce karfur ba tsayawa. Na saurare su duka, na ƙi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba a jiran tsoro ya tafi kafin a motsa; nawa bai tafi ba har muka shigo gari. Amma in jiki ya sandare, akwai gaɓa ɗaya da ta saba aikinta, a fara da ita, sauran za su biyo baya. Kwana uku wani bawan Allah ya yi bai ga 'ya'yansa ba saboda na yi shiru. Wanda yake ganin mari ɗaya ya yi tsada a kan wannan, ya riƙe shawararsa.