Bencin Malama Dokas

A Hammadu Kafi in ka tambayi Dokas Titus sai an tsaya tunani. Amma ka ce Maman Olivia ta ofishin walwala, kowa zai nuna maka gidan. 'Yar ƙasar Tangale ce, aure ya kawo ta Gombe, ta biyo mijinta Lazarus da ke koyarwa a firamare. Da ƙuruciyarta ta kama aiki a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, a nan kuma ta yi furfura.

Mutanenta su ne matan da mazansu suka rasu, da nakasassu, da tsofaffin da ba mai duba su. Ba ƙarancin taimakon ne ya fi ci mata rai ba, yadda aka raba shi gida biyu ne. Hatsi da gidan sauro suna hannun ƙaramar hukuma. Magani da keken guragu da aikin ido na kyauta suna hannun jiha. Mutum zai zo wurinta ta tura shi jiha, can a ce ya koma ƙaramar hukuma ta shaide shi, ya dawo ya tarar mai sa hannu ya tafi taro. Da yawa a hanya suke gajiya su haƙura.

Takwaranta a ofishin jiha shi ne Malam Uzairu, mutumin Dawaki, mai sanyin magana. Sun daɗe suna tura wa juna mutane ba su san fuskar juna ba, sai ranar da ta raka wata gurguwa ofishinsa da kanta.

"Malam Uzairu, mu biyun nan fa mu ke wahalar da bayin Allah," in ji ta. "Ni in turo, kai ka maido."

"To ya za mu yi, Malama? Haka muka tarar."

"Mu zauna wuri ɗaya mana, ko da rana ɗaya ce a mako."

Dariya ya yi, amma ya yarda. Wani mai unguwa a Dawaki ya ba su benci a gindin bishiyar maina da ke ƙofar gidansa. Duk Alhamis suna nan, ita a wannan gefe, shi a wancan. Mai larura ya faɗi damuwarsa sau ɗaya, su biyun su ji, mai unguwa ya shaida, a gama. Ba wanda ya ba su izini, ba kuma wanda ya hana su. Masu zuwa suka yi ta ƙaruwa, har mai ƙosai ta matso da kaskonta kusa. Dokas takan ce a duk aikinta ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Ana cikin haka ta haɗu da Baffa Joda a Gabukka. Makiyayi ne da shanunsa suka ƙare, ya shigo gari da matarsa Jumma, ga yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Jumma ce ke saro nono tana talla, ita ce kuma ke jan sandarsa.

"Ni da nake gane saniyata tun daga nesa," in ji tsohon, "yau ƙofar ɗaki sai na lalubo."

Sun taɓa neman aikin idon, aka ce shi ba ɗan wannan ƙaramar hukuma ba ne, ya koma inda aka haife shi ya kawo shaida. Shi kuwa a ruga aka haife shi, rugar ma ta daɗe da tashi.

"Goggo Jumma, ki kawo shi Dawaki ranar Alhamis," Dokas ta ce. "Likitocin ido suna tafe. Za mu sa shi a ciki da yardar Allah."

Kafin Alhamis ɗin aka kawo wa su Dokas sabon shugaban sashe. Ya kira ta ofis.

"Wa ya ba ki izinin kai aikin hukuma gindin bishiya?"

"Ranka ya daɗe, sauƙi muke nema wa mutane."

"Sauƙin ya biyo hanya. In jiha na da buƙata ta rubuto mana, mu amsa mata. Kar in sake jin labarin."

Saura mata kaɗan ta yi ritaya, ga Lazarus a kwance da ciwon suga. Ta kira Uzairu, ya ce shi ma an ja masa kunne. Suka ce a dakata ƙura ta lafa. Ta yi niyyar leƙawa Gabukka ta faɗa wa su Jumma, tunda ba su da waya. Yau ruwa, gobe asibiti, ta ce a ranta ai za su ji a gari.

Ba su ji ba. Jumma ta jawo mijinta tun da safe, suka zauna a kan bencin har la'asar. Mai unguwa ya ce an dakatar, amma wataƙila a dawo. Suka sake zuwa Alhamis ta gaba, daga nan suka daina. Likitocin ido suka zo suka gama suka tafi.

Da damina ta yi nisa, kwarin da ke bayan gidan su Joda ya ci hanyar da ya saba bi. Jumma tana wurin talla ya fito shi kaɗai, yana bin hanyar da ƙafarsa ta sani. Ya faɗa, ƙugunsa ya karye. Bai tashi daga jinyar ba.

Dokas ta je ta'aziyya tana shirin jin magana mai zafi. Jumma ta shimfiɗa mata tabarma, ta riƙe hannunta.

"Malama, ashe kina lafiya? Ya yi ta tambayarki. Cewa yake ba za ki ƙi zuwa haka kawai ba, sai dai in ciwo ne ya kama ki."

Dokas ta yi mata gaisuwa ta tashi. 'Yarta Olivia ta ce ranar da uwar ta dawo gida ko ruwa ba ta sha ba, ɗaki ta shige da takalminta.

Bayan ta yi ritaya, jiha da ƙaramar hukuma suka buɗe ofishin haɗin gwiwa, ma'aikatan ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya. Uzairu da kansa ya zo gida ya gayyace ta bikin buɗewa. Ta je, ta zauna a kujerar baya. Ta ga an shigo da wata makauniya, an saurare ta, an gama da ita kafin a gama jawabin farko.

"Kin ga abin da kika faro, Malama," Uzairu ya ce mata a hankali.

"Na gani, Malam. Allah ya sa ya ɗore."

Ba ta jira rabon lemo ba. Ta fita ta tare keke Napep, ta ce a kai ta Gabukka. A ɗakin su Jumma ta tarar da wasu baƙi masu haya. Maƙwabciya ta ce tun bayan takaba 'yan uwan Jumma suka zo suka tafi da ita wajejen Dukku, ba ta san sunan ƙauyen ba. Dokas ta ɗan tsaya a ƙofar gidan, sannan ta ce wa mai keken su koma Hammadu Kafi.