Gwajin Waken Kawu

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na dawo Gusau hutu daga jami'a, rungume da kula cike da ƙanƙara. A cikinta akwai aikin digirina na biyu: 'yan gilasai ƙanana kamar farce, kowanne mun shafa masa wani sinadari a ɗakin gwaji. Wake ake jiƙawa a ɗiga musu ruwan. In babu maganin ƙwari sai gilashin ya yi rawaya, in akwai sai ya zauna fari. Malaminmu ya ce in gwada su a kan waken kasuwa, don na ɗakin gwaji mu ke zuba masa maganin da hannunmu.

Na fara da Kawu, ƙanin Inna, mai harkar wake a Tsafe. Da kansa ya kwance buhu, yana dariya.

"Wanga daga gonata ta Kucheri ya fito, ɗiyata. Ban sa mai komi ba."

Na jiƙa, na ɗiga, muka zuba ido. Gilashi ya zauna fari fat. Na ɗauko wani, shi ma haka. Dariyar Kawu ta ɗauke.

"Mi ya ce?"

"Wai akwai magani, Kawu."

"To, wa ya sa?"

Na yi ta juya gilashin a rana.

A Bungudu kuma wani ɗan kasuwa ya ɗebo mini daga buhun da ya ce shi ya barbaɗa masa hodar maganin ƙwari, ga warin ma yana hawa kai. Gilashi ya yi rawaya kamar gwaiduwa, wato lafiya lau. Mutumin ya ji daɗi har ya kira maƙwabcinsa ya gani. Ni kuwa gumi kawai nake yi.

Da na koma gida na gwada ruwan randarmu zalla, ya ba ni fari. Washegari randar nan dai ta ba ni rawaya. Inna tana tsaye a kaina da ƙwaryar waken da Kawu ya aiko.

"Ke, mu ci ko kar mu ci?"

Na ce ta ɗan dakata. Ta dube ni, ta wanke abinta ta ɗora tukunya. Kowa ya ci ya ƙoshi, ni ma na ci, amma kowace loma sai na tsaya ina sauraron cikina.

A makaranta Malam ya ce zafi ne ya kashe sinadarin a hanya. Ya gwada ragowar gilasan a gabana don in gani, sai ga su suna aiki daidai. Ya ɗiga ruwan waken Kawu da na zo da shi, launin ya tsaya tsakiya, ba fari ba, ba rawaya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in koma in tambayo yadda aka adana waken.

Na sake hawa mota zuwa Tsafe. Kawu ya ce cikin toka ya ajiye shi, ai toka ba magani ba ce. Ya cika mini leda, na taho da ita ina murna na gano bakin zaren. Muka jiƙa tokar, muka ɗiga. Rawaya, ke nan ba tokar ba ce.

Malam ya cire tabarau ya murza idanu, ya ce in wanke kwalabe, ranar Litinin mu fara daga farko.