Gwangwanin da Kaka Ya Cika

Shekaranjiya ina ratsa rumfunan masu turare a kasuwar Filinge, sai wata tsohuwa ta jefa ƙaron dashi a kaskonta. Idan ba ka san dashi ba, iccen nan ne mai ƙaya da ake shinge da shi. Ƙaronsa ba ya cikin turarukan amare, ƙamshinsa da ɗaci-ɗaci. Amma ni ina shaƙarsa na tsaya cik da kwandona, har mai amalanke ya yi mini tsawa. Hayaƙin ya mai da ni shekarar da nake 'yar tara, ranar sunan ƙanena.

Mu Kirista ne, kuma a garinmu ba mu da yawa. Babana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, can wurin karatu ya karɓi addinin. Mahaifinsa, wanda muke kira Kaka, manomi ne a wani ƙauyen ƙasar Kurfai. Bai taɓa salla ba, bai taɓa shiga majami'a ba, abin da ya tarar iyayensa na yi shi yake yi. Da taurari yake sanin lokacin shuka, kuma maƙwabtansa ba sa zuba iri sai sun ga ya zuba. Tun da Baba ya sake hanya suka daina taka gidan juna. Ni dai gwaggona takan ɗauke ni mu je bayan girbi, shi ya sa na san tsohon. Matata yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku.

An haifi ƙanena bayan Nowel, wato Kirsimeti, da 'yan kwanaki, sai sunan ya faɗo ranar Lahadin da muke tuna zuwan masanan taurari wurin jariri Yesu. Da yake Inna tana jego, aka ce a yi sujadar a tsakar gidanmu. Kowace shekara yara kan yi wasan labarin, kuma a bana ga jariri na gaske. Maza biyu kawai aka samu masu wayo, don haka aka naɗa mini rawanin zanen Inna na zama masani na uku. Na farko ya riƙe zinariya, wato murfin kwalba a cikin tsumma. Na biyu ya riƙe lubban na kasuwa. Ni aka ba ni mur, kuma da yake babu wanda ya taɓa ganin mur a cikinmu, sai aka miƙo mini gwangwanin madara babu komai a ciki.

Da hantsi, sanyi bai gama sakin mutane ba, sai ga Kaka a kan jakinsa. Ya zo da damin gero da wani ɗan ƙulli. A zuri'armu babba ne ke turara jariri da ƙaron dashi ranar suna, kuma da shi ake turara likkafani. Baba ya fita ya gaishe shi a tsaye. Ya ce geron ya karɓa da godiya, amma ƙullin ba zai shiga gidansa ba, don ya san gaban abin da ake ƙona irinsa. Kaka ya ce tare suka zo, tare za su koma. Ya zauna gindin aduwar ƙofar gida, ya ce zai huta da jakinsa, rana na kaiwa tsaka zai kama hanya. Ko ni da nake yarinya na gane cewa in ya tafi a haka, ya tafi ke nan.

Na saci jiki na fita da rawanina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko sarauta aka ba matarsa ba a gaya masa ba. Na zayyana masa labarin kamar yadda aka koya mana, na mutanen da suka ga tauraro a gabas suka bi shi har suka sami jaririn da zai zama sarki. Nan ya gyara zama, ya tambayi wane tauraro ne, na ce ban sani ba. Ya karɓi gwangwanin ya girgiza, ya buɗe.

"Ke, wa ya koya miki tahiya gaisuwar sarki da hannu wohi? Mu ba mu yin haka."

Ya kwance ƙullinsa ya juye mini duka. Ban yi tunanin komai ba, daɗi kawai na ji gwangwanina ya yi nauyi.

Da aka zo wasan, muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya gaban Inna da jaririn. Malamin majami'armu, wani dattijo mai sanyin murya, yana bayani muna ajiyewa. Ya ce zinariya ta sarki ce, lubban na Allah ne, mur kuwa na wanda zai mutu ne, don tun Yesu yana cikin tsumma aka san abin da ya kawo shi. Da na buɗe nawa ya ga ba wofi ba ne, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sansana, ya tambaye ni inda na samo. Na faɗa da ƙarfi, ina jiran yabo. Na dubi fuskar Baba, na ga ya murtuke.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce mu tuna su wane ne baƙin nan. Ba mutanen haikali ba ne, masu duban sama ne daga wata ƙasa mai wasu al'adu. Malaman da ke riƙe da Littafi sun san sunan garin da za a haifi jaririn sarai, amma ko takalmi ba su sa ba. Waɗanda ba su da komai sai tauraro su ne suka yi tattaki. Sannan ya juya wajen Baba.

"Malam, ka taɓa karanta inda Maryamu ta tambaye su gaban wa sunka saba ƙona turarensu? Sun zaka, ta buɗe musu ƙohwa."

Baba mutum ne mai taurin kai, a wurinsa na gada. Inuwar katanga ta kusa ƙarewa, ni kuma ita nake kallo, tsoro ya cika ni. Can ya miƙe ya fita, na bi shi. Kaka ya riga ya ɗaura wa jaki akumari. Baba ya tuɓe takalmansa ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce masa ya shigo ya ga jikansa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce Kaka ya zama Kirista ba. Bai zama ba, kuma Baba bai bar abin da ya gaskata ba. Baba ne ya zuba ƙaron a garwashi da hannunsa, ya yi addu'a da sunan Yesu, Kaka yana riƙe da jaririn a cikin hayaƙin yana cewa hancin nasa ne. Da la'asar Baba ya ja masa jakin har bayan gari. An ce masanan sun koma ƙasarsu ta wata hanya. Kaka ta hanyarsa ta kullum ya koma, sai dai da ɗan rakiya.

Bayan damina biyu ya rasu. Baba ya sauko da gwangwanin daga kan bango, ya tafi da sauran ƙaron aka turara likkafanin. Ranar na gane abin da dattijon yake nufi da mur.

Yanzu ni ke shirya wa yaran majami'a wasan. Rawunansu na takarda mai ƙyalli ne, iyaye na ɗaukar hoto da wayar hannu, shingayen dashi kuma an sare yawancinsu an sa waya. Ba na kukan wannan, kowane zamani da kayansa. Abu biyu dai ba na sassautawa. Ba mai durƙusa mini da gwangwani wofi, kuma kafin a fara waƙar farko nakan fita da kaina in duba ko akwai wanda ke zaune a ƙofa.